Kafintan Jan Gida na Gangaren Jakhu

Sau uku a cikin wata guda na kira kafinta Kanshi Ram ya gyara mini ƙofar ɗakina. Karo na farko ya kankare gindinta, ta rufu. Karo na biyu ya sake kankarewa, sai dai bai yi ɗan waƙe-waƙen da ya saba yi in yana aiki ba. A na uku ko akwatin kayan aikinsa bai buɗe ba. Ya tura ƙofar, ya jawo ta, sannan ya durƙusa ya kwantar da kuncinsa a kan daɓen katako yana leƙen ƙarƙashinta.

"Bahen-ji, ba zan ƙara taɓa ta ba," in ji shi. Haka ake kirana a unguwar, wato 'yar'uwa.

Na ce, "To in zauna da ƙofa a wangale, birai su shigo su taya ni hira?"

"Ƙofar lafiyarta ƙalau. Gidan ne yake tafiya."

Na yi dariya, don na ɗauka zolaya ce. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya kakkaɓe wandonsa, ya fita bai ko taɓa shayin da na zuba masa ba.

A lokacin yana da shekara sittin da takwas. Gajere ne kakkaura, kullum da hular ulu mai koren baki da guntun fensir a bayan kunne. Rabin babban yatsansa na hagu zarto ya cinye tun yana saurayi. Kowa a unguwar Mistri-ji yake ce masa, kamar yadda ake kiran duk gwanin sana'a, amma a gangaren dutsen Jakhu da ke garin Shimla in aka ce Mistri-ji ba a tambayar wanne. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo, Sarla, tana aure a garin Mandi. Shi kaɗai yake zaune a ɗakin da ke bayan gida, inda a da masu jan keken Bature suke kwana, kuma a wannan ɗakin aka haife shi.

Gidan kuwa Jan Gida muke ce masa, saboda jan rufin kwanonsa. Wani likitan sojan Ingila ne ya gina shi a 1887, zamanin da Turawan mulki ke gudun zafin Kalkata su hauro Shimla da ofisoshinsu da karnukansu. Bene ɗaya ne, rufinsa mai tsini uku, an bi bakin rufin da sassaƙaƙƙen katako kamar leshi. Tagogin falo sun turo ciki waje, barandar gaba kuma an rufe ta da ƙananan gilasai masu launi, kore da ja da ruwan zuma, waɗanda in hantsi ya dubi ludayi sai su zuba launinsu a kan daɓe. Akwai murhun jin ɗumi bakwai, uku daga ciki har yau suna ja da hayaƙi.

Kakan Kanshi Ram yana cikin kafintocin da aka ɗauko daga Kangra suka yi aikin. Labarin da yake so ya ba kowa shi ne na bango. Wai Baturen ya zo da hoton wani gidan ƙasarsu a takarda, ya ce dutse zalla yake so. Kafintocin suka ce masa dutse zalla ba ya zama a gangare irin wannan, ran da ƙasa ta motsa a kansa zai zube. Suka yi masa irin namu, dajji: a haɗa katakon itacen deodar a giggicciye kamar saƙar kwando, a cike tsakani da ƙananan duwatsu da laka, a shafe. Daga waje gidan Ingila, daga ciki gidan dutsen nan.

"Shi ya kawo takarda," Kanshi Ram yakan ce, "mu muka kawo hankali."

Da Turawa suka tafi a 1947, wani ɗan kasuwa daga dangin Sood ya sayi gidan, ya zauna a sama, ya yayyanka ƙasa ya zuba 'yan haya. Ni na shigo a 1983, sabuwar malamar lissafi a makarantar 'yan mata, kuma ban sake fita ba. A shekarar da nake ba da labari, saman bene saura uwar gida, Bibi-ji Shakuntala, matar ɗan mai gidan, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya da ba ta iya saukowa sai an riƙe ta. Ƙasa kuma ni a ɓangaren yamma, sai Harbans Tandon da matarsa Kamlesh a ɓangaren gabas. Tandon tsohon akawu ne, shi ya sa ake ce masa Babu-ji, bakinsa ya fi reza kaifi. Shi ne a 1989 ya liƙa wa gidan kicin da banɗaki na kankare a gefensa, wani farin akwati da Kanshi Ram bai taɓa kallonsa ba tare da ya yi tsaki ba.

Damina ta kankama, watan Yuli ya raba tsakiya. Tun daga ranar ƙofar nan Kanshi Ram ya sauya. Da sassafe zan hango shi cikin hazo, lema a hannu, yana zaga gidan. Ya kafa ƙusa a saman kusurwar gabas, ya rataya zare mai dalma a ƙarshensa, ya ja layi da fensir a inda dalmar ta tsaya. Katangar dutsen da ke tare ƙasa a gindin gidan ta yi wata siririyar tsaga, sai ya yanko gilashi mai faɗin yatsa biyu, ya gicciya shi a kan tsagar, ya liƙe bakinsa biyu da siminti.

Na tambaye shi amfanin wannan.

"In katangar ta ƙara buɗewa, ko da kaurin gashi ne, gilashin zai karye. Ido yana yi wa mutum ƙarya, Bahen-ji. Gilashi ba ya yi."

Daga ranar ni ma na kamu. Ina goge haƙora ina leƙen gilashin ta taga. In allon daɓe ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafata, abin da ya shekara talatin yana yi ban kula ba, sai in tsaya cak ina saurare. Wata rana na ajiye lemon tsami a kan tebur, ya gangara a hankali ya nufi gabas, ya faɗi ƙasa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Bayan mako guda dalmar ta kauce wa layin fensir da faɗin farce. Kanshi Ram ya hau sama ya gaya wa Bibi-ji, ita kuma ta ce a tara mu. Muka zauna a falonta, ruwa na dukan kwano har sai mutum ya ɗaga murya. Kanshi Ram ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce mahaifinsa ya taɓa nuna masa wata magudanar ruwa ta dutse da masu ginin farko suka binne. Ta taso daga bayan gida, ta bi ta gabas a ƙarƙashin ƙasa, ta fito a ƙasan katanga. Duk ruwan da ke saukowa daga tudu ita ke kwashe shi. Da aka zuba kankaren kicin, a kan bakinta aka zuba. Shekaru ruwan yana samun wata hanyar yana sulalewa, amma bara an faɗaɗa titin da ke samanmu, yanzu ruwan titin ma nan yake zubowa. Ƙasar da gidan ke zaune a kai ta sha ta ƙoshi.

"Me kake so a yi?" in ji Bibi-ji.

"A fasa daɓen kicin a buɗe magudanar. Kafin nan kuma kowa ya bar ɓangaren gabas."

Tandon ya tafa hannu sau uku, a hankali. "Madalla da injiniya! Mistri-ji, a wace jami'a ka karanto wannan, ta zarto ko ta guduma?" Ya juyo gare ni. "Bahen-ji, ke da kika yi boko, ba ki gane ba? Vinod ya shekara nawa yana son mu fita ya rushe gidan ya kafa otal? Kotu ta hana shi, hukuma ta ce gidan tarihi ne. To ga sabuwar dabara, a tsorata mu da zare da guntun gilashi." Vinod shi ne ɗan Bibi-ji, yana zaune a Delhi. "Faɗa mana gaskiya, Mistri-ji, ɗaki ya yi maka alkawari a otal ɗin, ko mai gadi zai naɗa ka?"

"Harbans, kama bakinka," in ji Bibi-ji.

Kanshi Ram ya mayar da hularsa, ya haɗa hannu ya gaida Bibi-ji, ya sauka. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne ban buɗe baki na kare shi ba. Maganar Tandon ta ɗan shige ni, don kowa ya san halin Vinod.

Washegari Kanshi Ram ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya roƙe ni in raka shi ofishin da ke kula da tsofaffin gine-gine, saboda shi ba ya iya cike takarda. Muka sauka da ƙafa cikin ruwa, muka yi jira har rana ta karkata. Wani matashin jami'i ya saurare mu da ladabi, ya ce gidaje sama da arba'in ne a jerin da ke gabansa, duk da irin wannan kuka, amma zai turo injiniya da zarar an samu sarari. A hanyar dawowa Kanshi Ram ya tsaya sau huɗu yana haki. Da muka kai inda ake hango jan rufin ta tsakanin itatuwa, sai na ga ya runtse ido ɗaya, ya ɗaga fensirinsa a tsaye yana gwada shi da bututun hayaƙi.

Ya rame a makonnin nan. Mai shagon da ke kan kwana ya gaya mini ya daina sayen komai sai ganyen shayi da biskit. Na kai masa wake da shinkafa, washegari na tarar da kwanon a rufe yadda na ajiye. Sarla ta bugo mini waya tana kuka, wai in lallashe shi ya taho Mandi. Da na faɗa masa sai ya ce, "In tafi in bar wa wa? Bibi-ji ko takalminta ba ta iya sawa da kanta."

Wadda ta fara yarda da shi Kamlesh ce, matar Tandon, mace mai shiru-shiru da ban taɓa jin ta musa wa mijinta a gaban mutane ba. Wata safiya ta ƙwanƙwasa mini, tana rungume da tukunyar gas ƙarama.

"Didi," ta ce, wato yaya, "in ɗan riƙa girki a barandarki?"

"Me ya sami kicin ɗinki?"

Ta waiga, ta rage murya. "In na zuba mai a kasko, gefe ɗaya yake taruwa. Kuma tsakanin bangon kicin da na gida, jiya na zura hannuna ya shige har wuyan hannu. Na nuna wa malam, ya ce in cusa tsumma."

Ta gaya wa mijinta wai hayaƙi ne ke damun idonta a can. Ya yi ta mita, amma abinci bai fasa zuwa ba, sai ya ƙyale ta.

Ranar goma sha ɗaya ga Agusta aka shiga kwana na huɗu ana ruwa ba ɗaukewa. Wajen ƙarfe bakwai na safe na leƙa ta taga kamar kullum, sai ban ga ƙyallin gilashin ba. Na fita ba lema. Ya rabe biyu, rabi na nan liƙe, rabi a cikin laka, tsagar kuma ta isa a zura hannu. Ruwa mai launin shayi yana tsartuwa daga tsakanin duwatsun. Ina juyowa na ga Kanshi Ram a bayana, da diga a kafaɗa, da Bashir da Gulzar, 'yan dakon Kashmir biyu da ke kawo mana gas.

"Ku ɗauko Bibi-ji a kan kujerarta," ya ce musu, "ku kai ta gidan maƙwabcinmu Dokta a tsallaken titi. Bahen-ji, ki fito da Kamlesh."

Tandon ya fito da singileti da jarida a hannu. "Wa ya ba ka izinin taɓa mini gini? Ka sa diga a nan, wallahi sai na ɗaure ka!"

"Ka ɗaure ni gobe, Babu-ji. Yau dai ka fita."

"Ba inda za ni!"

Sai Kamlesh ta yi abin da ba wanda ya zata. Ta shige ciki, ta fito da jakar magungunansa da tabaransa da akwatin takardun fanshonsa, ta wuce shi ta nufi titi ba ta ko kalle shi ba. Ya tsaya baki buɗe. Can ya bi ta yana faɗa, silifa ɗaya a ƙafa.

Kanshi Ram bai shiga kicin ɗin ba. Ta waje ya ɓullo wa abin, ya auna taku shida daga kusurwa, ya fara sara a gindin kankaren. Da 'yan dakon suka dawo suka karɓi digar suna yi bi da bi, shi yana kwashe ƙasa da shebur. Ni ina tsaye a kan titi da sauran maƙwabta, ruwa na zuba a kanmu. Awa biyu suna haƙa ba su ga komai ba sai jar laka. Na ji wani a bayana yana cewa tsohon ya ruɗe. Ni kaina na fara tunanin ko mahaifin nasa wani gidan ya nuna masa.

Wajen ƙarfe goma digar Gulzar ta daki wani faffaɗan dutse. Su uku suka sa ƙarfe suka ɗaga shi. Ruwan da ya fito baƙi ne wuluk, mai wari, da ƙarfin da ya kayar da Kanshi Ram ya tafi da shi taku biyar kafin Bashir ya cafko wuyan rigarsa. Suka fito da shi yana tari, gwiwarsa ta fashe. Aka zaunar da shi a bakin titi, aka lulluɓa masa bargo. Idonsa na kan gidan.

Ruwan ya yi ta kwarara har bayan azahar. Mun fara cewa an tsira. Sai wajen ƙarfe uku muka ji wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Kicin ɗin Tandon ya rabu da jikin gidan, ya ɗan tsaya a karkace kamar mai shawara, sannan ya tafi gaba ɗayansa tare da rabin katangar, ya gangara ya daki itatuwan da ke ƙasa. Tsohon gidan ya yi kuka, kowane katako da muryarsa. Farar ƙasa ta zubo daga bangon gabas har saƙar dajji ta bayyana, gilasai goma sha ɗaya na baranda suka tarwatse. Muka jira ya bi bayan kicin ɗin. Bai bi ba. Ya jingina, ya tsaya.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwo sai shi. Na ɗauka daga nan hankalinsa zai kwanta, ashe wani sabon tashin hankalin ne ya fara. Tandon ya bi unguwa yana cewa kicin ɗinsa ya shekara kusan talatin a tsaye, sai ranar da aka haƙe masa gindi ya faɗi. Injiniyar da ofishin ya turo bayan kwana tara, wata mace mai suna Ritu Chauhan, ta zagaya, ta auna, ta shiga ramin da kanta. Kanshi Ram ya bi ta da ɗingishi har bakin mota.

"Beti," ya ce, wato 'yata, "gaya mini tsakaninki da Allah. Ni na kayar da shi?"

Ta ce a ganinta, da ruwan nan ya ƙara kwana ɗaya a ƙasa, da gidan duka ya tafi. Amma ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa haƙan bai gaggauta faɗuwar kicin ɗin ba.

Rabin farko na maganarta kowa ya riƙe. Shi rabin ƙarshe ya riƙe. Ya sha zuwa barandata ya zauna, can ya ce, "Da Kamlesh ta koma ɗauko wani abu fa? Da na fara ta ɗaya gefen fa?" In ce masa ai ba ta koma ba. Ya gyaɗa kai, bayan kwana biyu ya dawo da tambayar.

Duk da haka shi ya yi gyaran. Ya tokare bangon gabas da gungumen deodar huɗu, ya sa aka sake ɗora katangar da dutse ba siminti, yadda ruwa zai riƙa samun hanya. Ya cike saƙar bangon da hannunsa. Gilasai masu launi ne kawai bai samu irinsu ba, ya sa farare. Aikin ya ci wata biyar, gwiwar kuma ba ta sake komawa daidai ba. Tandon da Kamlesh suka koma wurin ɗansu a Panchkula. Ranar tafiyarsu Kamlesh ta je har ƙofar ɗakinsa ta sunkuya ta taɓa ƙafarsa don girmamawa, Tandon kuwa yana cikin mota yana kallon gaba.

Bibi-ji ta rasu bayan shekara biyu, a ɗakinta na sama kamar yadda ta so. Vinod da 'yan'uwansa mata suna kotu a kan gidan, ba a san ranar gamawa ba. A shekarar ce Sarla ta zo da mijinta suka tafi da Kanshi Ram, don idonsa ya fara yanar da ba ya bambance ƙusa da ashana. Kafin ya tafi ya zaunar da ni kwana uku, yana faɗa ina zanawa a littafin makaranta: inda magudanar ta taso, inda ta karkata, dutse na nawa ake ɗagawa a share ta, wane ginshiƙi ne ba a so a jingina masa kaya. Ritu ta zo ta ɗauki hoton shafukan, ta ce a ofishinsu ba su da ko layi ɗaya a kan wannan.

Yanzu ni kaɗai ce a Jan Gida. Kowace shekara a farkon Yuni nakan kira Bashir mu buɗe magudanar mu kwashe ganye da laka. Bana da muka gama na buga wa Sarla, ta miƙa masa wayar. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Na ce masa an share, ruwa yana wucewa.

"Har dutse na ukun kuka ɗaga?"

"Har na ukun, Mistri-ji."

Ina jin numfashinsa a wayar. Sannan ya ce a Mandi tun jiya hadari ke haɗuwa ta gabas, in kwashe shanyata.